Filin Makanikai: Sandar sitiyarin tsohuwar Beetle, a canza ko a bar ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, da fatan iyali lafiya. Ina da Beetle ƙirar 1965 da muka gada wajen Baba Allah ya jiƙan shi, na tado ta inji na tashi lafiya lau, ina so in riƙa fita da ita lokacin sallah da ɗan zuwa Katsina jefi-jefi. To wani abokina ya ce mani sandar sitiyarin irin waɗannan motocin kisa take in aka yi karo, makanikena kuma ya ce ba matsala zai yanko ta Golf ya haɗa da walda. Wanne zan bi? Daga mai karatu a Daura.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba da rahama. Abokinka ya yi gaskiya, makanikenka kuwa ka ce mashi ya aje wannan shawarar.

Leƙa ƙarƙashin motar ta gaba ka gani da idonka. Beetle injinta a baya yake, gaba ba komai sai tankin mai da safaya taya, akwatin sitiyari kuma yana ɗaure jikin bim ɗin tayoyin gaba, daga nan ƙarfe ɗaya ne miƙe sambal har ya fito gaban ƙirjinka, abinda ke tsakani ɗan faifan roba ne kawai mai rage jijjiga. In aka yi gaba da gaba, bim ya matso baya, sandar nan ba inda za ta lanƙwashe, tahowa take kamar taɓarya kai kuma nauyinka na jefa ka kanta. Shi ya sa General Motors suka fara sa sanda mai naɗewa a motocin 1967, Amurka ta mayar da abin doka daga 1968, su ma Volkswagen daga ƙirar 1968 suka saka. Tasu za ka gane ta da sauƙi, can ƙasa kusa da akwatin akwai wani gaɓa da aka yi raga-raga, yana juya taya daram amma in aka danno shi ta tsawo sai ya murƙushe ya shanye bugun.

To ita nake so ka nema, ta Beetle 1968 zuwa sama, kuma ka sayo ta gaba ɗaya da bututunta da maɗaurinta da makunnin sigina, kar a sayar maka sanda tsirara. Ba wahalar samu sosai tunda an taɓa haɗa Beetle a Legas daga 1975, ka aika Ƙofar Ruwa Kano ko Panteka Kaduna, akwai masu ajiye irin waɗannan tarkacen. Amma banda ta Beetle samfurin 1302 da 1303, waɗancan tsarin ƙafarsu ta gaba daban ne ba za ta zauna ba. In ta zo ka wanke ragar nan da fetur ka duba ta da fitila zare-zare, tsatsa na cin ta kuma tana tsagewa, wadda ta tsage ta fi ta asalin motarka haɗari don tana iya rabuwa kana cikin tafiya. In ka ga alamar an taɓa yi mata walda ko an miƙe ta da guduma, mayar masu.

Zancen yanko ta Golf kuwa, ni dai ban yarda mai walda ya taɓa sandar sitiyari ba ko ya kai wa iyawa. Wuta na canza ƙarfin ƙarfe daidai gefen ɗinkin, ido ba ya gani, ranar da ka kauce ma saniya ko ka faɗa rami da gudu ranar zai ɓalle, ka juya sitiyari taya ta ƙi bin ka. Kuma tunda motar 1965 ce ka bincika, sai 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama na titi, motoci da yawa na kafin nan sitiyarinsu a dama yake aka juya masu hannu daga baya, in taka na cikinsu ba mamaki akwai tsohuwar walda ɓoye a ciki tun ba a haife ka ba.

Sai ɗan aikin waya, taka batir 6 volt take amfani da shi in ba a canza ba, kuma mai yiwuwa makullinta a dashbod yake, na 1968 zuwa sama kuma jikin sanda, don haka a kira rewaya mai haƙuri. A canza faifan robar da sabo tunda an riga an kwance.

Sannan a sa belt mai ratsa kafaɗa, don ragar nan sandar kawai take tarewa, kai ba ta riƙe ka. A ɗaure shi a ramin kusarshi na asali jikin bodi, in wurin ya ci tsatsa a fara gyara ƙarfen tukuna kafin ka hau hanyar Katsina.