Tamron ko farin Canon? Amsa ga yaron shago a kan lens 70-200

Ka ce min, "Maigida, na gaji da 75-300 ɗin nan. 70-200mm f/2.8 nake so in ɗora wa kyamarata Canon 6D Mark II. Shin in sayi Tamron da kuɗin da ke hannuna, ko in daure da tari har in kai ga farin Canon?" Na kuma san aikinka: biki da suna da walima, sai Sallah ta zo ka bi hawa. To zauna ka ji, domin amsar tana cikin aikin da kake yi, ba a launin lens take ba.

Rabuwa da 75-300 ɗin kam daidai ne. In ka ja shi ƙarshe, ƙofar haskensa f/5.6 ce. Tsakanin f/5.6 da f/2.8 mataki biyu ne, kowane mataki kuma ninki ne, wato f/2.8 tana shigar da haske ninki huɗu. A zauren dina inda duhu yake tilasta maka kai ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, har 6400, hoto ya fito duk yashi, da f/2.8 sai ka sauko 1600 ba tare da ka taɓa gudun shata ba. Wannan ribar Tamron zai ba ka ita, Canon ma zai ba ka, babu wanda ya fi wani a nan. Saboda haka rarar kuɗin ba haske take saya ba.

Ga abin da ake magana a kai. Tamron SP 70-200mm f/2.8 G2 ya fito a 2017 a kan dala 1,299. Canon EF 70-200mm f/2.8L IS III ya fito a 2018 a kan dala 2,099. Nauyinsu kusan ɗaya, kilo ɗaya da rabi, dukansu filta mai lamba 77 suke ɗauka, dukansu suna da na'urar rage rawar hannu, kuma ba sa tsawo idan ka ja zum. Sigma ma yana da nasa, Sports na 2018, amma ya haura kilo 1.8 kuma filtarsa 82 ce. Ga mai yini a tsaye daga kamu har dina, wannan ƙarin nauyin kafaɗa ce za ta biya shi.

Batun kaifin hoto kuwa, kar ka bari a ruɗe ka. Ka ɗauki amarya da su biyun a f/4, ka wanke hotunan a girman albam, ka ajiye su a gaban dangin ango, ba mai iya nuna maka wanne ne na wanne. Sai an buɗe f/2.8 a 200mm, an hura hoton a kwamfuta ana leƙen kusurwa, sannan ake ganin ɗan bambanci. Wa ke duba kusurwar hoton amarya? Ai dishi-dishi ake so wurin ya yi ma.

Inda kuɗin yake aiki shi ne fokas, kuma nan nake so ka buɗe kunne. A 200mm da f/2.8, idan mutum yana nesa da kai mita 5, abin da ke fitowa tar bai wuce santimita 10 ba. Ka matso mita 3, ya ragu ya koma ƙasa da santimita 4. Ma'ana in fokas ya kuskure kaɗan, ashobin wuya ne zai fito ras, ido ya tafi. Ga wanda ke zaune ko a tsaye, lens ɗin biyu suna kamawa lafiya. Amma ka ɗauki ranar Hawan Daushe, mahayi ya sako doki a guje zai yi jafi a Ƙofar Kudu, yana tunkaro ka kai tsaye, ƙura ta tashi. Kowane ɗan lokaci nisan ya canza, dole kyamara da lens su riƙa magana da juna ba tsayawa. Canon ne ya ƙera bodin, wato ita kyamarar kanta, shi ya ƙera lens ɗin, harshensu ɗaya. Tamron da Sigma, a wannan bakin na EF inda lens ke haɗuwa da kyamarar Canon, nazarin harshen suka yi suka kwaikwaya. Sun iya, amma a jerin hotunan abin da ke gudu za ka fi samun na zubarwa a wajensu, musamman in haske ya yi ƙasa. Wanda abincinsa ƙwallo ne ko sukuwa, wanda hoto ɗaya da ya kuɓuce ba ya dawowa, rarar kuɗin nan ba asara ba ce gare shi. Kai kuwa hawa sau nawa ne a shekara?

Akwai wani abu da kan sa a zagi lens ba da laifinsa ba. A kyamara mai madubi irin taka, na'urar fokas daban take da faifan da ke ɗaukar hoton, don haka wani lens kan kama gaban ido ko bayansa a kai a kai. Gyaran yana cikin saitin 6D Mark II, kuma tana ba ka dama ka saita 70 daban, 200 daban. Ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, ka jera batira biyar a karkace, kowanne ya ɗan ja baya da na kusa da shi, ka sa fokas a na tsakiya da f/2.8, ka ga wanne ya fito. In na gaba ne ya fito, ka ƙara lamba. In na baya ne, ka rage. Tamron yana da ɗan faifai da ake kira TAP-in, ana haɗa shi da kwamfuta a yi wannan saiti a nisa daban-daban, a kuma sabunta manhajar lens ɗin. Wannan sabuntawar tana da amfani ranar da za ka koma kyamara marar madubi ka sa adafta. Ƙananan bodi irin 700D da 2000D ba su da wannan saiti a cikinsu, shi ya sa ba na ba masu su shawarar lens ɗin wani kamfani sai sun gwada shi a kan nasu bodin.

Abu biyu ƙanana da hannu zai ji. Zoben zum na Tamron a gaba yake, kuma juyinsa irin na Nikon ne, akasin abin da hannunka ya saba. Makonnin farko za ka riƙa jan nesa alhali kusa kake nema. Sannan Tamron yana matsowa har santimita 95, Canon sai mita 1.2, amma kar ka ɗauka hakan zai ƙara maka girman zobe ko lalle a hoto: idan ka matso, 200 ɗin Tamron kan ragu, hoton ya buɗe.

Na'urar rage rawar hannu kuma kar ka dogara da ita fiye da aikinta. Rawar hannunka take tsayarwa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. Masu rawa a fili gudun shata 1/500 suke so, doki a guje 1/1000 ko sama, ko da wane lens ne.

Yanzu ga abin da zan yi in ni ne kai. Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba: Canon IS II na hannu, wanda ya fito a 2010. Tsarin gilasansa ɗaya ne da na III, abin da aka canza shi ne shafen da ke kan gilashi, don rage walƙiya idan ka fuskanci rana da sauƙaƙa gogewa. In ka samu mai lafiya a kusa da kuɗin sabon Tamron, shi za ka ɗauka: fokas ɗin gida, masu gyara sun san cikinsa, kuma ranar da ka so sayarwa ba za ka sha wahalar mai saye ba. In ba ka samu ba, ɗauki Tamron G2 hankalinka kwance, rarar kuɗin ka sayi filasha mai kyau da batir na biyu da katuna. Sabon III ba naka ba ne yanzu, kuma kar ka ci bashi a kansa don a ga farin lens a wuyanka. Tsofaffin Tamron da Sigma marasa na'urar rage rawa, waɗanda ake kaɗa wa mutum da araha, ka bar su; injin fokas ɗin tsohon Tamron ɗin ma yana da nawa, a zaure mai duhu sai ya yi ta kai da komo amarya ta wuce.

Na hannu ba a sayensa ta waya. Ka tafi da kyamararka. Ka cire murfin gaba da na baya, ka haska tocilan ta baya kana leƙe ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, duk lens da ya yi aiki yana da ita. Amma in ka ga farin zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, tana cin shafen gilashi, ka ajiye shi ko nawa aka rage. Ka juya zoben zum daga 70 zuwa 200, kar ya cije a hanya ko ya yi ƙaran yashi. Ka duba bakin da ake ɗaura filta: in ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa, kuma faɗuwa kan karkatar da gilasan ciki. Gwajin wannan shi ne ka ɗauki bangon bulo kai tsaye a 200mm f/2.8, ka duba kusurwa huɗu. In gefe ɗaya tar ne ɗayan dishi-dishi, ciki ya goce. Ka kunna na'urar rage rawa ka danna maɓalli rabi: hoton da kake gani ya kamata ya natsu, ba ya yi tsalle ko ka ji ƙas-ƙas ba. Ka rufe f/16 ka danna maɓallin duba zurfin fokas da ke jikin kyamara, ka tabbata ganyayen ƙofar haske suna rufewa su buɗe nan take, babu maiƙo a jikinsu.

Duk wanda ka saya, lokacin hunturu kar ka canza lens a fili, ka shiga mota ko ɗaki. Ka hure ƙura da abin hurawa kafin ka sa ƙyalle, domin gogewa a kan ƙurar hazo karce ne. Da damina kuma kar ka bar shi kwance cikin jaka. Ka sa shi a roba mai murfi tare da ƙullin silika, kana shanya silikar ko gasa ta idan ta sha danshi. Idan za ka ɗora shi a ƙafa uku, ta zoben lens za ka ɗaure, ba ta gindin kyamara ba, kilo ɗaya da rabi yana iya sassauta bakin bodin.

Ranar Asabar akwai dina. Ka karɓo Tamron ɗin haya, zan ba ka II na shago, ka yi rabin aiki da wannan rabi da wancan, mu zauna mu ƙirga waɗanda ido ya fito a cikinsu kafin ka fitar da ko sisi.