Shin in ci bashi in mayar da 'ya'yana makarantar kuɗi?

Tambaya: Malam, 'ya'yana uku suna firamaren gwamnati. Ajin babban ya haura yara ɗari, a ƙasa suke zama. Ɗan maƙwabcina na makarantar kuɗi sai zuba Turanci yake yi, nawa kuwa shiru. Albashina ba zai ɗauka ba. In ci bashi? Abin yana hana ni barci.

Amsa: Allah ya raya mana su. Damuwarka tana kan hanya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, ta kuma ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai dai jiha ba ta karɓar kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Jihohi da dama ba sa ajiyewa, kuɗin su yi ta kwana a Abuja, 'ya'yan talaka suna zaune a ƙasa.

Amma dakata da maganar bashi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a aikin duba makarantu shi ne wannan zato na cewa Turanci shi ne ilimi. Kullum sai na gamu da shi. Mutum ya kama hayar gida mai ɗaki huɗu, ya kafa allo, ya ɗinka yunifom mai ƙyalli, ya ɗauko malamin da bai da NCE, bai da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, yana ba shi abin da bai kai kuɗin mota ba. Yaro ya haddace gaisuwa da waƙoƙi kamar aku, iyaye su yi ta tafi. Ƙarshen zango kowa ya ci, domin in an kayar da yaro uban zai cire shi. Na sha miƙa wa irin waɗannan yara littafin da ba su taɓa gani ba, layi ɗaya ya gagara. Akwai makarantun kuɗi nagari, amma ba kuɗin ne shaida ba, malamin ne.

Yau da daddare ka ba babban naka labari da Hausa ya karanta, ya faɗa maka abin da ya fahimta, sannan ka ba shi lissafin canjin cefane. In da rauni, malamin darasin yamma ya fi bashi sauƙi. Ka kuma shiga kwamitin iyaye na makarantar, ku rubuta wa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku, ku tambayi inda aka kwana kan kuɗin kujeru.