Shin in biya kuɗi a saka sunana a maƙala don ma'aunina ya tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Farfesa. Ni malami ne a sashen bayokemistiri, shekarata shida ina koyarwa. Ina da maƙaloli 11, amma ma'aunin h ɗina (lambar da ke haɗa yawan maƙalolin mutum da yawan ambaton su da ake yi a wasu maƙaloli) a shafin binciken maƙaloli na Google Scholar bai wuce 3 ba, ga lokacin ƙarin girma ya matso. Wani ya tuntuɓe ni ta WhatsApp, ya ce in na biya zai saka sunana cikin marubutan wata maƙala da za ta fito a mujallar da ke cikin Scopus, wato rumbun da ke jera mujallun ilimi da aka tantance, kuma zai sa ni a wani zaure da marubuta ke ambaton maƙalolin juna. Wallahi abin ya hana ni barci. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ba shi ko sisi, ka kuma goge lambarsa yau.

Ma'aunin h da ya tayar maka da hankali, wani masanin fizis mai suna Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma sai da shekaru yake tashi. Maƙalar da ta fito bara ba ta ma kai hannun mafi yawan masu karanta ta ba. Yawan ambato kuma ba shi ne ma'aunin darajar aiki ba. A fanninmu, maƙalar da Oliver Lowry da abokan aikinsa suka fitar a 1951 kan auna furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, domin kowa na amfani da hanyar a ɗakin gwaji. Amma da mujallar Nature ta jera maƙaloli 100 mafi yawan ambato a 2014, shahararriyar maƙalar Watson da Crick kan tsarin DNA ba ta shiga ba.

Sai dai abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan tunani da ya zama ruwan dare tsakanin matasan malamai, wai muddin mujalla tana cikin Scopus, to shi ke nan, an tsira. Kusan kowane mako sai na ji wannan magana. Ba a tsira ba! Masu sayar da gurbin suna kamfanoni ne masu ƙera maƙalolin jabu, kuma fanninmu na cikin waɗanda suka fi yi wa ɓarna, domin hoton gwajin furotin ba shi da wuyar sarrafawa a kwamfuta. Hoto guda sai a juya shi, a canja masa lakabi, ya bayyana a maƙaloli da dama. A 2023 kaɗai kamfanin wallafa mujallu na Hindawi ya janye maƙaloli sama da 8,000, a wannan shekarar kuma Web of Science, takwarar Scopus, ta cire mujallunsa 19 daga jerinta. Mutanen da suka biya kuɗi fa, ina suke? Sunayensu na nan manne da sanarwar janyewa, duk wanda ya bincika intanet zai gani, har da mai tantancewa daga waje da za a aika wa takardunka ranar da ka nemi farfesa. Kuma ka tuna, ba ka ga bayanan gwajin ba. Idan maƙalar ta ce wani tsiro na kashe ƙwayoyin ciwon daji, wani mai sayar da magani ya ɗauka yana tallata wa marasa lafiya, sunanka ne a kai, kai ka ba da shaidar abin da ba ka gani ba. Zauren ambaton juna ma editoci na gane shi, don ba a rasa ganin maƙalar ciwon suga da ta ambaci aikin tace ruwa ba gaira ba dalili.

Kwamitocin ƙarin girma da ke ƙirga maƙala kamar buhunan masara su ma da laifinsu, tun 2012 aka tsara sanarwar San Francisco da ke kira a duba abin da ke cikin aiki. Amma laifinsu ba zai wanke ka ba.

Ka buɗe ORCID, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu suna irin nasa, ka gyara shafinka na Google Scholar, don sau da yawa rubuta suna iri biyu ke raba wa mutum ambato. Sannan ka zaɓi tambaya ɗaya ka tsaya a kanta, ka rubuta wa wani ɗakin gwaji mai na'urar da ba ku da ita, ka faɗa musu samfuran da ke hannunka. Ku yi magana kan jerin sunayen marubuta tun kafin a fara aikin, a rubuce.