Ko ciwon siga ne ya janyo wa mahaifiyarmu mantuwa?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu tana da shekara 69, kuma ta daɗe tana fama da ciwon siga da hawan jini. Tun bara take maimaita sallar azahar saboda ta manta ta yi, kuma takan ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, sannan ta yi ta kuka wai matar yayana ta sace. Wasu dangi sun ce sammu ne, wasu sun ce gigin tsufa ne kawai, amma likita ya ce sigan ya lalata furotin ɗin jininta, kuma hakan na iya taɓa ƙwaƙwalwa. Shin maganarsa tana da tushe?

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Maganar likita tana da tushe. Idan siga ya daɗe da yawa a jini, yakan manne wa furotin ya sauya masa siffa, kuma abin da gwajin HbA1c yake aunawa ke nan, wato sigan da ya liƙe a jajayen ƙwayoyin jini cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Furotin da ya lalace haka yana tayar da kumburi, yana raunana bangon ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, hawan jini kuwa sai ya ƙara ɓarnar. Idan bangon ya yi rauni, fibrinojin, furotin mai daskarar da jini, yakan tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Rockefeller ta Amurka sun nuna cewa fibrinojin yana haɗuwa da amiloid, furotin ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, ya haifar da gudan jini mai wuyar narkewa. Yawancin wannan shaida daga gwaji kan ɓeraye take, shi ya sa masana suke ɗaukarsa ɗaya daga cikin dalilan mantuwa da ake zato kawai.

Ku koma wurin likita ya auna sinadarin bitamin B12, musamman idan tana shan maganin siga na metformin, domin ƙarancinsa yana kawo mantuwa kuma yana da magani. Mutum ɗaya ya riƙe maganinta, domin mai mantuwa na iya sha sau biyu, faɗuwar siga kuwa haɗari ce ga tsoho.

Zargin sata yana cikin alamomin ciwon mantuwa, don haka ku wanke matar yayanki a gaban dangi. Idan Hajiya ta fara kuka, kada ku yi musu da ita, ku taya ta nema har ta ɗaga katifar da hannunta.