Kafin yayanka ya biya kuɗin sabon gidan nan

"Maigida, yayana da ke aikin gwamnati a Kaduna ya ɗan tara abin da ya tara. Dillali ya nuna masa sabon gida a nan Zariya, ta wajen hanyar Shika, ɗaki uku da falo, ba a taɓa shiga ba. Ya ce tunda ina koyon gini in je in duba masa. Na je, na ga gida tas, ban ga abin kushewa ba. Me ya kamata in duba? Kuma wasu na ce masa ya dakata, kaya za su sauko."

To Habu, ai dole ka rasa abin kushewa, domin abin da aka shirya maka ka gani shi ka gani. Tayil, fenti, silin na POP da fitilu a jikinsa, ƙofar ƙarfe mai sheƙi, duk wannan aikin ƙarshe ne, kwalliyar amarya ce. Gidan da yayanka zai kwana a ciki da iyalinsa yana bayan filasta, yana ƙarƙashin ƙasa, yana saman silin. Can za mu leƙa.

Amma bari in fara da maganar dakatawa, don ita ce za ta nuna maka dalilin da ya sa sabon gida yanzu yake bukatar bincike fiye da na da. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba. Aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, wata mai bi aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin watan Fabrairun 2024 buhu ya haura 10,000, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar a tsayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Rodi, kwano, waya, tifar yashi da ta tsakuwa, kowanne ya bi sahu, tunda komai a kan mota yake zuwa. Siminti kan ɗan sauko wani lokaci, ba musu. Fili ne ban taɓa ganin ya sauko a garin nan ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin ilimi da ta koma jami'a, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgi, ga barikokin soja. Duk shekara sai an sami sababbin ɗalibai da ma'aikata, wanda ya yi ritaya kuma da wuya ya bar garin. Ƙara da mutanen da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari. Shi ya sa gonakin da ke bayan Zango, Bomo, Dogarawa, Wusasa da Ɗan Magaji suka koma fuloti, fulotin ma da muka sani ƙafa hamsin da ɗari yanzu ana raba shi biyu a dasa gida a kowane ɓari. Wanda ya riƙe kuɗinsa a banki yana jiran sauƙi, kuɗin ne ke narkewa a hannunsa. Don haka ban ce ya dakata ba. Na dai ce kada dillali ya sa masa gaggawa da "akwai wani Alhaji da zai biya gobe".

Yanzu sa kanka a matsayin mai gini don sayarwa. Kayan aiki sun ninka, aljihun mai saye bai ninka ba, shi kuma kuɗinsa sun kwanta a ƙasa yana so su fito ya shiga wani filin. Dole ya rage wani wuri. Ba zai rage tayil ba, don shi uwargida za ta fara kallo. Zai rage inda ido ba ya kaiwa: simintin bulo, kaurin rodi, zurfin fandisho, katakon rufi, wayar wuta. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, na yi wa wasu aiki kuma ba su taɓa ce min in ja buhu ya wuce ƙa'ida ba. Sai dai daga bakin titi gidan mai gaskiya da na maras gaskiya kamarsu ɗaya.

Abu na farko da za ka yi, lissafi. Ɗauki tef ka auna bangaye, kusan bulo goma ke shiga murabba'in mita ɗaya. Ƙiyasta siminti, rodi, kwano, katako, ladan ma'aikata, sannan ka tambayi nawa ake sayar da fili irin wannan a layin. In kuɗin da aka sa wa gidan bai kai abin da lissafinka ya ba ka ba, kada yayanka ya yi murna ya sami araha. Ba wanda ke gini ya sayar a faɗuwa saboda Allah. Ko dai an cire kuɗin daga jikin ginin, ko kuwa takarda ce ba ta da lafiya.

Sai bulo. Zagaya bayan gida, da wuya a yi wa bayan katanga filasta, kuma ba a rasa guntayen bulo da aka watsar a gefe. Sa ƙusa ka karta. Bulo na ƙwarai ƙusa kan bar farin layi ne kawai, hannunka ma sai ya ji. Na banza kuwa yashi zai riƙa zubowa, har da yatsa kana iya murje bakinsa. In ka sami cikakke, ɗaga shi daidai ƙugu ka saki a ƙasa mai tauri. In ya rabu biyu ko uku ba laifi, in ya watse ya zama gari ka san labari. A wurina buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo talatin na inci tara ba, amma ka sha ganin inda ake fitar da hamsin. Kuma ka duba kaurin bango a bakin taga, domin akwai masu ɗaga gida gaba ɗaya da inci shida, su cika da filasta mai kauri.

Daga nan nemi tsani ka shiga silin ta ƙofar da aka bari, da rana tsaka, da tocila. In ba a bar ƙofar ba ma, wannan kansa magana ce. A can sama ba filasta ba fenti, za ka ga kan bangon tsirara, ka ga yadda birkila ya jera bulo, ka ga ko an zuba linta ta zagaye ginin ta ɗaure shi, ko kuwa a kan ƙofa da taga kaɗai aka ɗan ɗora. Kashe tocilar ka ɗaga kai, duk inda haske ya ɓullo ta kwano nan ruwa zai ɓullo. Taɓa katakon. An shafa masa maganin gara, ko fari ne fat kamar yadda ya fito daga 'yan katako? Ɗanye ne yana lanƙwashewa? An ɗaure shi da bango da rodi ko langa-langa, ko ɗora shi kawai aka yi aka buga ƙusa? Ka san iskar farkon damina a nan, ba ta shawara. Kowace shekara sai ta yaye rufin wasu, kuma sau da yawa sabon gida ne, ba tsoho ba. In kuma irin rufin yayi ne da ake ɓoye kwano a bayan bango, duba magudanar kankaren da aka yi masa da kyau. Yana da kyan gani, amma in magudanar ba ta da gangara ko bututun ya yi ƙanƙanta, ruwa zai kwanta ya bi bango ya sauko, shekara ɗaya POP ya yi taswira.

Fandisho ba za ka gan shi ba, sai dai alamunsa. Tsaya a titi ka dubi tsayin daɓen gidan. In daidai yake da hanya, ranar da aka zo aka yi ciko aka zuba kwalta gidan ya koma rami. Dubi ƙasar wurin: jar ƙasa mai marmara tana riƙe gini, baƙar laka ta fadama, irin ta gefen Kubanni da rafukan da ke zuba cikinta, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, ginin kuma yana motsi tare da ita. Tsagar da ke kama da gashi a jikin filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ita ce ke cewa ƙasa na zama. Mai sayarwa ya san haka, don haka duba inda fenti ya fi sauran sabunta. Bi tayil kana ƙwanƙwasawa da makulli, inda ya yi ƙarar fanko ko dai ba a cika masa siminti ba, ko cikon da ke ƙasa ba a daddanne shi ba ya fara nitsewa. Sannan kalli gindin bangon maƙwabta da suka riga shi. In ka ga fentinsu ya kumbura yana fitar da farin gishiri har gwiwa, wurin na da sanyi, kuma in ba a shimfiɗa leda aka zuba daɓen kankare yadda ya kamata ba, nasa ma haka zai yi.

Da so samu ne a ga gidan cikin Agusta, bayan an kwana ana ruwa. In ba zai yiwu ba, maƙwabta su ne idonka. Gaishe su, ka zauna, kada ka je da dillalin. Tambaye su ina ruwa ke bi, kuma wata nawa aka yi ana ginin. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, kuma aƙalla mako guda yana son a riƙa shayar da shi. Wanda ya yi gini cikin hunturu, iska na busar da komai, ruwan kuma sayensa yake daga tanka, sau nawa kake jin ya shayar? Tambaye su kuma wane birkila ya yi aikin. Maginan garin nan mun san juna, kawo min suna kawai in gaya maka irin hannunsa. Dama haka sana'ar take tun asali, da sunan magini ake sanin gini. Masallacin Juma'a na cikin birni, tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, har yau ba a ambatonsa sai an ambaci Babban Gwani Muhammadu Durugu.

Ruwa da wuta kada ka raina su. Buɗe kowane famfo, kora kowane bayi, ka fita ka ga inda ruwan ya tafi. In rijiya ce, tambayi yadda take a watan Maris da Afrilu, don ƙarƙashin Zariya dutse ne, wani ya haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Auna tsakanin rijiyar da sokawe, bai kamata ya gaza mita 15 ba. Fili mai ƙafa hamsin kuwa duka-duka faɗinsa ke nan, don haka leƙa ta katanga ka ga inda maƙwabci ya haƙa nasa ramin. Kwance soket ɗaya, bayan ka tabbatar an kashe wuta, ka kankare bakin wayar da wuƙa. In ja ce har ciki, tagulla ce. In ka ga fari a ciki, an yi mata rufi ne kawai, kuma irinta ce ke zafi a cikin bango.

Takarda ba sana'armu ba ce, amma gini komai kyansa in filin na da rikici aikin banza ne. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma a jihar nan hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye. Yayanka ya nemi lauya, a je can a bincika lambar filin da sunan wanda ke kai. A nemi izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, a gani da ido. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma shaidar ciniki ce, ba ta hana katafila. Ka tuna gidajen da aka rushe a unguwar Graceland a nan Zariya a 2021, bisa cewa filin na makarantar jirgi ne. A kula da filin da ya matsi babbar wayar wuta, layin dogo ko shingen wata hukuma. In gonar gado ce aka yanka, a tabbatar duk magada sun sa hannu, har mata. Tunda ma'aikaci ne, wataƙila ana cirar masa kashi biyu da rabi na asusun gidaje na ƙasa, wanda bankin gidaje na tarayya ke ba da rance a kai da ruwan kashi shida. Ko zai karɓa ko ba zai karɓa ba, wannan tsakaninsa da malamansa ne, amma su ma masu bankin ba sa sauraron gidan da ba shi da cikakkiyar takarda.

In komai ya yi, ya biya ta banki, a rubuta la'adar dillali tun farko. Kuma ya nemi a sa a yarjejeniya cewa zai riƙe wani kaso sai gidan ya ga damina ɗaya, in rufi ya yi yoyo ko bango ya tsage a gyara daga ciki. Mai ginin da ya san abin da ya zuba ba ya cika tayar da jijiyar wuya a kan wannan.

Ni dai da ni ne, da kuɗin nan gara in sayi wanda aka kai rufi ba a yi masa filasta ba. Bulo a fili, linta a fili, fila a fili, in ƙarasa da hannuna a hankali. Amma na san halin mai iyali da ke biyan haya, so yake a miƙa masa makulli. Gaya masa kada ya ba da ko sisi tukuna. Ranar Asabar in mun tashi daga aiki sai mu je tare. Ka zo da tef da tocila da ƙusa inci huɗu, ka ari tsani a wurin kafinta, kuma ka ce wa dillalin ya zo da makullin kowane ɗaki, har da na sito.