Amsa ga mai tambaya kan gasar karatun tarihin Indiya

Ɗan'uwa, in na fahimce ka, ku huɗu ne za ku shiga gasar karatu kan tarihi da al'adun Indiya, littattafan sun yi muku yawa kun rasa ta ina za ku fara.

Ku raba aikin kawai, kar kowa ya ce sai ya karanta komai. Mutum ɗaya ya ɗauki zamanin da, su tsohon birnin Harappa da sarki Ashoka, wani ya riƙe daular Mughal tun daga Babur a 1526 har Shah Jahan da ya gina Taj Mahal a Agra, na uku ya kama mulkin Turawan Ingila, yaƙin Plassey 1757, boren 1857, 'yancin kai 15 ga Agusta 1947, na huɗu kuma addinai da bukukuwa irin su Diwali da Holi. Duk sati ku zauna kowa ya koya wa saura da baki, a jefa masa tambayoyi, a nan ake gane wanda ya yi hadda kawai bai fahimta ba.

Don Allah kar ku dogara da fina-finan Indiya, mun taso da su amma ba tarihi ba ne. Sannan inda mutane ke yawan faɗuwa, tsohuwar firaminista Indira Gandhi 'yar Nehru ce, firaministan Indiya na farko, ba ta da dangantakar jini da Mahatma Gandhi, kuma 26 ga Janairu 1950 ranar jamhuriya ce, daban take da ranar 'yanci.

Maganar rabuwar Indiya da Pakistan kam ku nemi malamin tarihi ya warware muku, tana da sarƙaƙiya sosai. Ku kuma tambayi masu shirya gasar ainihin littattafan da za su ciro tambayoyi.