Gandu, gayauna da taura biyu a wasan kwamfuta

Wani malami daga Agege, mai koya wa yara haɗa wasa a ranakun Asabar da Scratch, manhajar da ake jera tubalan umarni a cikinta, ya aiko da tambaya biyu. Ta farko: da wace Hausa zai bambanta wa yara ma'ajin da dukkan 'yan wasa ke taɓawa da wanda ɗan wasa guda ya mallaka? (Ma'aji shi ne inda wasa ke ajiye lamba, ɗan wasa kuma hoton da ke aiki a allo, kamar maƙiyi ko hasumiya.) Ta biyu: shin karin maganar "taura biyu ba ta taunuwa" ta dace da hasumiyar tsaro ta cikin wasa da ke rawa tsakanin maƙiya biyu, ta kasa harbin ko ɗaya?

Malam, ba sai ka ƙirƙiro kalma ba, manoma sun riga mu. Gandu shi ne gonar gida da kowa ke nomawa a ƙarƙashin maigida, gayauna kuwa 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa. Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, yakan tambaye ka duk sanda za ka buɗe sabon ma'aji: na kowa ne ko na wannan ɗan wasa kaɗai? To, gandu ko gayauna ke nan. Maki da lokaci na gandu ne. Ran maƙiyi kuwa gayauna ne, domin kowane kwafin maƙiyi da Scratch ya fitar yakan tashi da nasa. Idan yaro ya ajiye ran maƙiyi a gandu, harbi ɗaya zai rage wa kowa, maƙiya goma su faɗi tare.

Akwai wata ɓarakar da ta fi wannan ɓoyuwa. Scratch yakan ba wani ɗan wasa dama a ƙarshen kowane zagayen maimaici. Idan hasumiya biyu na rubuta "mafi kusa" a ma'aji ɗaya, ta biyu za ta goge lissafin ta farko tun ba ta gama ba, sai ka ga duka suna harbin wuri guda. Ko dai a mayar da ma'ajin gayauna, ko a sa lissafin cikin tubalin da ka ƙera da kanka, ka zaɓa masa ya gudu ba tare da sabunta allo ba. Ni na fi son a haɗa duka biyun.

Wanda za a harba, a ce masa abin hari. Kalmar "bara" ma tana nufin auna abu, amma a rubuce ta yi kama da barar almajiri, da baran gida, da shekarar bara. Karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su, kuma allo ba ya nuna su.

Taura ɗan itace ne mai tauri, wanda ya cusa biyu a baki ba zai ci ko ɗaya ba. Don haka karin maganar ta dace sarai. Hasumiyar na rawa ne saboda tana sake zaɓe a kowane zagaye, maƙiyan kuma nisansu kusan ɗaya ne. Ga yadda ake yi: a fara da nisa 9999, tunda filin Scratch 480 ne a 360, nisa mafi tsawo a cikinsa 600. A bi jerin maƙiya, duk wanda nisansa ya gaza wanda aka riƙe, shi ne sabon abin hari. Daga nan ta riƙe shi har ya mutu, ko ya fita da'irarta, ko wani ya fi shi kusa da taku 20.

Tubalin auna nisa ba ya ganin kwafi, shi ya sa dole kowane maƙiyi ya riƙa rubuta matsayinsa a jerin gandu, a layin lambarsa. Kada a goge layin wanda ya mutu, domin na ƙasa za su hauro, lambobi su rikice. A rubuta masa rai 0, mai zaɓe ya tsallake shi. Shi kwafin kuwa a share shi daga fili, don Scratch ba ya ɗaukar fiye da 300 a lokaci guda.